Mita na nuna bes ya faɗi a 50 Hz, amfilifayar ce ta lalace?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na gyara wata amfilifaya, na haɗa ta da janaretan sigina don gwaji. A 1 kHz komai lafiya, amma ina saukowa 50 Hz sai mita ta nuna faɗuwar kusan 30 dB. Na canja kafasitoci, shiru. Hankalina ya tashi, ga mai ita yana jira. Wani ya ce in ƙara sigina har mita ta dawo daidai. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka Malam, ka duba maɓallin mitarka. Ina kyautata zaton tana kan A, wato filtar cikin mita mai rage ƙananan sautuka kafin a auna, kuma 30 ɗin nan ne ya tona mata asiri. Filtar A ba ta taɓa komai a 1 kHz, amma tana zaftare 19.1 dB a 100 Hz, da 30.2 dB a 50 Hz, da kusan 50 dB a 20 Hz. An tsara ta ne don ta kwaikwayi kunnen mutum idan sauti ba shi da ƙarfi, bisa binciken Fletcher da Munson na 1933. Wato filta ka auna, ba amfilifaya ba. Mayar da mitar kan Z, wadda ba ta rage komai. Ko filtar C ma tana cin 3 dB a 31.5 Hz da 8 kHz. Kafin ka sake taɓa kafasita, jona janaretan kai tsaye da mita ka bi zangon daga ƙasa zuwa sama, ka ga ko layin miƙe yake.

Sai shawarar da aka ba ka. Don Allah kada ka bi ta. Kullum sai na ji wannan magana daga bakin masu gyaran gangar Auzinawa, kuma ta ishe ni. Wai a murɗa har lamba ta dawo! Ka san me 30 dB ke nufi? Bolt ninki 32, wat ninki 1000. Idan wat 1 kake bayarwa a 1 kHz, to wat 1000 kake nema a 50 Hz, don kawai ka faranta wa filta rai. Amfilifaya ba za ta kai can ba. Za ta ƙure, ta fara datse kan igiyar, tiranzistocin fita su ɗau zafi. Ka tuna kuma siginar janareta ba kiɗa ba ce. Kiɗa yana hawa yana sauka, ita kuwa ba ta numfasawa. In da sifika a jone, za ka ga takardarta tana tsalle gaba da baya kamar za ta fice, kai kuma kunnenka bai ji wani abin tashin hankali ba, domin a can ƙasa kunne malalaci ne. Sai dai ka ji ƙaurin koyil ɗin sifikar. Daga nan a ce wa mai kaya dama can sifikarsa ta tsufa. Wannan cin amana ne. Gwajin ƙarfi da rizisto mai 8 ohm ake yi, wanda zai iya shanye zafin, ana kallon igiyar a osiloskof.

Filtar A tana da wurinta: auna hayaniya. Ka rufe hanyar shigar sigina, ka karanta abin da ya rage. Ko a nan ma ka yi hattara, tana ɓoye gurnanin wutar lantarki na 50 ko 60 Hz, shi ya sa masu talla ke son ta, lamba tana yin kyau a takarda. Ni nakan auna da A da Z duka biyun. Tazara mai faɗi tsakaninsu na nufin a nemi gurnani a sashen wuta ko a layin as, wato wayar ƙasa. Gidajen rediyo da yawa sun fi amincewa da wata filtar daban, ITU-R 468, mai ƙara 12.2 dB a 6.3 kHz, inda ƙarar shuu ta fi damun kunne. Lambarta ba a kwatanta ta da ta A, saboda haka ka rubuta sunan filtar a gefen kowane awo.