Baba ya ƙi yin sallah a kujera bayan aikin zuciya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah sati 3 kenan da aka yi wa babanmu aikin zuciya irin wanda ake buɗe ƙirji, likita yace kar ya dinga dogara da hannu wajen tashi, amma shi ya dage sai ya kai goshi ƙasa wai sallar kujera ta ragwaye ce, jiya sai da muka kama shi ya ɗago daga sujada. Kuma ya zai yi da wanka ga plasta a ƙirji?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne.

Toh ɗan'uwa, a irin wannan aikin ƙashin tsakiyar ƙirji ake rabawa biyu sannan a ɗaure shi da waya, kuma yakan ɗau sati 6 zuwa 8 kafin ya kama, ga dattijo ko mai ciwon suga ma yana iya wuce haka. Duk wanda zai tashi daga sujada da tafin hannu yake tokare ƙasa, wannan nauyin kuwa kan ƙashin nan yake sauka, in wayar ta saki sai an sake komawa tiyata. Don haka abin da Baba yake yi cutar da kai ne, kuma shari'a ta hana.

Imrana ɗan Husaini basur ne kawai ya dame shi, Annabi (SAW) yace masa yi sallah a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka, Bukhari ya ruwaito. Ina ga wanda aka tsaga ƙirjinsa?

Amma a lura, abin da ya gagara shi kaɗai ke faɗuwa. In Baba yana iya tsayuwa ba jiri, ya yi kabbarar harama da Fatiha a tsaye, ya rusuna gwargwadon iko don ruku'u, sannan ya zauna a kujera ya yi nuni da sujada, ya sunkuya fiye da na ruku'un, ba sai an ɗago masa matashi ba. Ranar da tsayuwar ma ta gagara ya yi ta duka a zaune, babu ramuwa.

Na san abin da ke cin ransa tsoron raguwar lada ne, ku kwantar masa da hankali, hadisin da ya ce mai sallah a zaune rabin ladan mai tsayuwa yake samu, kan mai lafiya ne da ya zauna a nafila. Shi mara lafiya ana rubuta masa irin abin da yake yi lokacin da yake garau, hadisin Abu Musa ne a Bukhari. Ku faɗa masa cikin ladabi, ko ku karanta masa wannan.

Wanka kuma, in likita ya hana ruwa taɓa wurin ya wanke sauran jiki ya yi shafa a kan plastan, haka a ƙafa in an ciro jijiya daga nan. In ruwan gaba ɗaya zai cutar, taimama ta isar. In kun ga wurin aikin ya yi ja, ruwa na fita, zazzaɓi, ko yana jin ƙashin na motsi, ku kai shi asibiti a ranar.

Wallahu a'alam.