Amsa ga mai tambayar jiragen yaƙin da za a fara saya

Ƙanena, na ga tambayarka: in an ba mutum sabuwar ƙasa mai bakin teku irin na Najeriya, aka ce ya kafa rundunar sojan ruwa daga tushe, waɗanne jirage zai zuba? Na kuma ga ka fara lissafi da jirgi mai ɗaukar jiragen sama, da kuma jiragen ƙarƙashin ruwa guda huɗu. Sannu da ƙoƙari, amma bari wanda ya tsufa a ɗakin injin jirgi kafin ya dawo Katsina ya ɗan sa baki.

Kai da ka tashi kana kallon hawan Sallah a Ƙofar Soro ka san ba sayen doki ne wahala ba, harawa da dusa da kanwa na wata goma sha biyu su ne. Haka jirgin yaƙi yake. Dubi Aradu, firigeti, wato babban jirgin ruwan yaƙi, da kamfanin Blohm+Voss na Jamus ya ƙera mana, ya shiga aiki a 1982. Jirgi ne na kece raini, har Ingila ya je a 2005 bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar. Amma guda ɗaya ne tak, ba shi da ɗan'uwa, duk ranar da ya kwanta gyara shi ke nan ba ka da firigeti. Shi ya sa masu tsara runduna ke lissafi uku-uku: ɗaya na teku, ɗaya na atisaye ko shirin fita, ɗaya na kwance a tashar gyara. In kana son jirgi biyu kullum a kan ruwa, shida za ka saya, kuma iri ɗaya.

Wannan "iri ɗaya" na sha wuyarsa da hannuna. Akwai jirgin da na yi aiki a kansa, famfon da ke jawo ruwan teku ya sanyaya janareta ya mutu. Abu ne da za ka rungume da hannu biyu. Jirgin da ke ɗaure kusa da mu ƙirar wata ƙasa ce daban, ko noti ɗaya bai zo daidai ba, kamfanin da ya yi namu kuma ya daina yin irinsa. Muka yi watanni muna kankare tsatsa muna shafa fenti, ga igwa a gaba tana ƙyalli, ba inda za ta.

To fara da aikin. Gaɓar teku kusan kilomita 850, ga ruwan da ƙasa ke da haƙƙin arzikinsa har mil 200 na teku. Abokan karawarka 'yan fashin teku ne, ɓarayin ɗanyen mai, da masu satar kifi. Ba makami mai linzami ake harba wa waɗannan ba, cim musu ake yi. Da ni ne, ƙashin bayan rundunata jiragen sintiri ne na nesa guda shida, irin Centenary da Unity da aka ƙero a Sin, kowanne da filin saukar helikwafta, don helikwafta ɗaya na ganin abin da jirgi zai yini bai gani ba. Ƙarƙashinsu matsakaita da za mu iya ƙerawa a gida, kamar Andoni na 2012 da Karaduwa na 2016, wanda ya ci sunan kogin nan namu da ke cika dam ɗin Zobe. Sai kwale-kwale masu gudu da yawa na shiga lungunan Neja Delta. A ƙara jirgin sauke sojoji da motoci irin Kada, da na auna zurfin ruwa irin Lana, da tankar mai ɗaya.

Firigeti uku su biyo baya in aljihu ya yarda. Mai ɗaukar jiragen sama kuwa manta da shi, shi kansa sai an kewaye shi da masu gadi. Girma ma ba kariya ba ne: Moskva, ƙaton jirgin yaƙin Rasha, ya nutse a Bahar Aswad a Afrilun 2022. Na ƙarƙashin ruwa zan jinkirta sai na sami tashar gyara da makarantar bakanikai tukuna, su ne ma farkon abin da zan sa wa hannu a kasafin, kafin a yanka ƙarfen jirgi na farko.