Hukuncin Sallar Mai Aikin Intanet Da Ke Yawon Garuruwa Alhali Iyalinsa Na Gida

Tambaya: Malam, aikina a kwamfuta yake, duk inda akwai intanet nan ne ofishina. Nakan kama ɗaki in yi wata guda a Kigali, wata biyu a Istanbul, sannan in leƙo Kano inda matata da yarana suke, in kwana biyu ko uku in sake fita. Ƙasaru nake yi a ko'ina, har a Kanon. Daidai ne?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, Allah ya yi wa nemanka albarka, amma akwai gyara.

A Kano babu ƙasaru a kanka. Malamanmu na Malikiyya sun ce shigar mutum garinsu, ko garin da matarsa da ya tare da ita take zaune, tana yanke hukuncin tafiya. Ko kwana ɗaya za ka yi, ko jakarka ba ka kwance ba, raka'a huɗu za ka yi.

Sai garuruwan da kake sauka. Ibn Abi Zaid, malamin Malikiyya, ya faɗa a littafinsa Risala cewa tafiyar ƙasaru mil 48 ce, kimanin kilomita 80, kuma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu, ko abin da zai kai salla ashirin, sai ya cika. Hujjar Malikiyya ita ce Annabi (SAW) ya yi wa Muhajirai izinin kwana uku kacal a Makka bayan kammala aikin Hajji, wato abin da ya haura uku zama ne. Hanafiyya sun kai shi kwana 15. To kai da ka biya kuɗin ɗaki na wata, tikitin komawarka na cikin wayarka, ka wuce duka biyun. Kwana 19 da Annabi (SAW) ya yi yana ƙasaru a shekarar buɗe Makka, jumhur, wato mafi yawan malamai, sun ɗauke shi a kan wanda bai yanke ranar tashi ba. Kai ka yanke. Don haka za ka cika salla, ka yi azumi, ka je Juma'a. Ƙasarunka na kan hanya ne, da garin da za ka kwana uku ko ƙasa da haka. Sallolin baya, ka kintata ka rama su cikakku.

Abin da ya fi damuna ma ba ka tambaye shi ba: kwana biyu bayan wata uku. Tura kuɗin cefane da kiran bidiyo ba sa sauke haƙƙin kwana, ba sa kama hannun yaro zuwa masallaci. An ruwaito Sayyidina Umar ya iyakance wa mayaƙa watannin da za su yi nesa da matansu, su da suke fagen jihadi. Annabi (SAW) kuma ya ce tafiya yanki ce na azaba, wanda ya biya buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Tunda aikinka na yiwuwa daga ɗakinka na Kano, ka zauna da matarka ku yanke tsawon fitar da ta yarda da shi da zuciya ɗaya, ko ka riƙa tafiya da ita.

Wallahu a'alam.