Amsoshin Tambayoyi: Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Teburin Sinuka

Daga Ƙaura Namoda: Muna ta musu da abokaina. Wasan da muke bugawa a bakin kasuwa sinuka ne ko ful?

Ku ƙirga ƙwallayen, musu ya ƙare. Sinuka na asali ƙwallo 22 gare shi: ja 15, masu launi shida, da farar da ake bugawa, a kan tebur mai tsawon ƙafa 12. Hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙirƙiro shi a Indiya wajen 1875. In naku mai lamba 1 zuwa 15 ne, wanda ake barin baƙar lamba 8 sai ƙarshe, to ful ne. Amma a nan kowa sinuka yake cewa, kada ka je kana gyara wa mutane baki.

Daga Birnin Kebbi: Na kwashi adashe, ina so in sayi tebur in kafa a ƙofar gida. Dillali ya ce nasa ɗan waje ne, kuma ya yi araha.

Ƙanena, araha ba ta ado. Abin da ke sa tebur tsada shi ne abin da ke ƙarƙashin koren ƙyallen nan. Na ƙwarai falalen dutse ne aka goge, shi ya sa ƙatti huɗu ke nishi kafin su motsa shi. Na jabu garin katako ne aka manne da gam, aka lulluɓe, aka liƙa tambari. Danshin damina zai kumbura shi, zafin bazara ya banƙare shi, sai ka ga ƙwallo na gangarawa rami ɗaya ba wanda ya taɓa ta. Yara ba wawaye ba ne, ranar da suka gane, sun koma teburin maƙwabcinka.

Leƙa ƙarƙashi da tocila. Ƙwanƙwasa ka ji. Ɗaga kusurwa ɗaya. In ta tashi a hannunka kai kaɗai, yi sallama ka tafi. Ari lebur, abin auna daidaito, wajen magini ka ɗora a tsakiya da gefuna. Buga ƙwallo a robar gefe, in ta mutu nan take, robar ta bushe. Kuma don Allah ku daina biyan kuɗi a kan hoton WhatsApp! Mutum ba zai sayi rago bai tattaɓa shi ba, amma zai tura adashen shekara a kan hoto. Ka kuma ware kuɗin rumfa, murfin tare ƙurar hunturu da fitilar sola.

Daga Argungu: Ɗana kullum yana wurin sinuka bayan la'asar. Hankalina ya tashi.

Hajiya, kwantar da hankalinki. Wasan kansa saiti ne da haƙuri. Abin lura shi ne ko kuɗin tebur kawai ake biya, ko ana sa kuɗi wanda ya ci ya kwashe. Wannan caca ce, ko da wane suna aka kira ta. Ki sa yayansa ko kawunsa ya je ya zauna can ya gani, ki kuma kafa masa doka: kiran magariba, gida.

Daga Gusau: Allin makaranta zai yi a bakin sanda?

Ba zai yi ba, ƙyallenka kawai zai ɓata. Sayi na sinuka, bai kai kuɗin katin waya ba.