Tambaya da Amsa: Mun cike ramin kwal, me ya hana a sako mana kuɗin ajiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A Bukuru nake da zama, amma ina kula da wani ƙaramin filin haƙar kwal a Jihar Nasarawa. Kwal ya ƙare, mun sa katafila ta cike ramin, mun dasa itatuwan turare. Sai aka ce ba yanzu za a mayar mana da kuɗin da muka ajiye na gyaran muhalli ba. Me ya rage?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya rage yana da yawa, kuma mafi yawansa batun ruwa ne.

Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya gabatar da tsarin kare muhalli da gyara shi, ya kuma riƙa zuba kuɗi a asusun da aka kafa domin haka. Sashen kula da muhallin wuraren haƙar ma'adinai na ma'aikatar ma'adinai ta tarayya da ke Abuja ne zai tabbatar an cika abin da ke cikin tsarin kafin a mayar da ragowar kuɗin. Don haka ka ɗauko wannan takarda da kamfaninku ya sa wa hannu, ka bi ta layi-layi, domin da ita za a auna ku. Kai da ke Bukuru ka san dalilin tsananin. Tun farkon ƙarni na 20 ake haƙar kuza a Filato, kamfanoni suka kwashe suka tafi, suka bar kududdufai a Bukuru da Rayfield da Barkin Ladi suna cin mutane da dabbobi har yau.

Kwal kuwa ya fi kuza rigima. A cikinsa da duwatsun da ke tare da shi akan sami ma'adinin fairait, mai ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne ba ya cutarwa. Da zarar an tono shi ya haɗu da iska da ruwa, sai ya haifar da asid, wato ruwa mai tsami. Je ka duba ƙasan filin bayan an yi ruwan sama: idan ka ga ruwa na tsatsowa, duwatsun rafi sun yi ja-ja kamar tsatsa, babu ko talibambam a ciki, to matsalar ta riga ta fara. Irin wannan ruwa ma'aunin tsaminsa, wato pH, yakan sauka zuwa 3, alhali ana so ya tsaya tsakanin 6 da 9.

A nan ne tsarin cikon yake da muhimmanci. Baƙin tarkacen kwal shi ake fara zubawa can ƙasa, a gauraya shi da dutsen farar ƙasa da aka niƙa, a danne shi hawa-hawa. Sai a rufe da yumɓu mai kaurin rabin mita zuwa mita 1, a daddage shi yadda ruwa da iska ba za su ratsa ba. Bayan nan ƙasar ciko, daga ƙarshe ƙasar sama ta noma, santimita 15 zuwa 30. Idan katafila ta tura komai a cakuɗe, tarkacen ya tsaya kusa da sama, ba makawa sai an sake tonawa. Akwai kuma haɗarin wuta: tarkacen kwal da iska ke shiga yakan yi zafi ya kama da kansa a ƙarƙashin ƙasa. Alamarsa warin farar wuta da tsagewar ƙasa da hayaƙi-hayaƙi da sassafe.

Gangare kada ya yi tsaye. Kowace mita 1 ta tsayi a ba ta mita 3 na shimfiɗa, a yanka magudanai a gicciye su kai ruwa wani tafki inda laka za ta kwanta. Idan ruwan ya riga ya yi tsami, a bi da shi ta lambatun da aka cika da dutsen farar ƙasa, amma a sani tsatsa kan lulluɓe dutsen ya daina aiki, sai an riƙa juya shi ko sauya shi.

Game da turare, ba mu goyon bayan a dogara da shi kaɗai. An shuka shi da yawa a tsofaffin filayen kuza na Filato, kuma kowa na iya ganin yadda ƙarƙashinsa yake zama fayau, ruwa na kwasar ƙasa. Ciyawa ce ke riƙe ƙasa a damunar farko. A dasa jema a jere a gicciyen gangare, a watsa gamba, a sa taki, itatuwa su biyo baya. A kuma kange filin daga dabbobi har shukar ta kafu.

Sai haƙuri. Cikon yakan lotsa bayan damuna ɗaya ko biyu, asid ma kan ɗauki lokaci kafin ya bayyana. Shi ya sa a Amurka dokar 1977 ta raba sakin kuɗin gida uku: har kashi 60 cikin 100 bayan ciko da daidaita ƙasa da magudanai, wani kaso bayan shuka ta kafu, ragowar sai bayan shekara 5, ko 10 a yankuna masu ƙarancin ruwan sama. Dokarmu daban ce, amma mai duba aikinku ma abin da zai nema ke nan. Ku riƙa ɗibar ruwa a sama da ƙasan filin, rani da damuna, a gwada a ɗakin gwaji da hukuma ta amince da shi, ku adana sakamakon da hotuna masu kwanan wata. Ku tabbatar kuma kun sauke alƙawuran da ke cikin yarjejeniyarku da al'ummar wurin, domin ƙorafinsu kaɗai na iya kawo cikas ga sakin kuɗinku.

TAMBAYA: Ranku ya daɗe, ni manomiyar rani ce a Rayfield. Ruwan tsohon kududdufin haƙa yana da kyau ga kayan lambu?

AMSA: Hajiya, manoma da dama a Filato da ruwan kududdufan kuza suke noman rani, amma kowane kududdufi da halinsa, sai an gwada ruwansa, musamman don dalma da sauran ƙarafa masu guba. Ki guji yin kwami a kan tarin baƙin yashin da aka bari bayan wankin kuza, domin akan sami ma'adinin monazait a ciki, mai fitar da tururin da ke cutar da jiki. Na ramin kwal kuwa, in ya yi ja, kada ki ba shuka ko dabba. Ki kuma hana yara matsawa bakin ruwan, domin gaɓar a tsaye take, zurfin yana farawa ne daga taku na farko.