In Sikotlan ta balle, man fetur din na wa ne?

Malam ka tambaya ko Ingila za ta rike man tekun arewa (North Sea, tekun da ke gabas da Birtaniya) in Sikotlan ta balle daga Birtaniya. Gaskiya da wuya, don in aka shata iyakar ruwa yawancin rijiyoyin suna bangaren Sikotlan ne, can gabas da Aberdeen da Shetland, sai dai gas din kudu ya fi karkata wajen Ingila. To amma fa man ya ja baya sosai tun bayan 1999, ga kudin rufe tsofaffin rijiyoyi wa zai biya? Kuma kar ka manta a kuri'ar raba gardama da aka yi a Sikotlan a 2014 kashi 55 suka ce a zauna tare, sannan kotun kolin Birtaniya a 2022 ta ce ba wata sabuwar kuri'ar ballewa sai gwamnatin Landan ta yarda.