Tauraron nan bai mutu ba, dusashewa ya yi

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, na ga hoton da ka turo, na ji kuma abin da ka faɗa. Ka ce manhajar wayarka ta nuna maka wani tauraro Mira a wuri kaza, ka hau bene bayan isha'i ka yi ta dubawa ba ka ga komai ba, wai ko manhajar ce ke ƙarya. To ni na san ba manhajar ce ta dame ka ba. So kake ka ji ko tauraron ya mutu, don na ga wani ya riga ya rubuto maka a ƙasa wai ai duk taurarin da muke gani sun daɗe da mutuwa. Bai mutu ba. Haskensa shekara wajen 300 yake yi kafin ya iso mu, shekara 300 kuwa a wurin abin da ya yi shekaru biliyoyi ba a ma sa ta a lissafi.

Shi wannan tauraro haka halinsa yake, ya yi haske ya dusashe, ya yi haske ya dusashe. Zagaye ɗaya wata 11, kwana 332 dai in kana son ƙididdiga. Kuma ba ɗan dusashewa ba. Masana taurari suna da ma'auni, in lambar ta hau to haske ya ragu. Ido lafiyayye a daren da ba wata, a ƙauye, iyakarsa 6. Mira in ya cika yana kaiwa 3, wata shekarar har 2, ka gan shi ras. In ya yi ƙasa sai ya tafi 9 ko 10, wato hasken ya ragu sau ɗaruruwa. A lokacin ko a tsakiyar daji kake ba za ka gan shi da ido ba, balle kai da kake cikin birni, fitilun sola ko'ina, ga hazo. Ita manhaja wurin zamansa kawai ta nuna maka.

Kuma ba yau aka fara wannan ruɗewar ba. A 1596 wani limamin coci a Jamus, David Fabricius, ya gan shi, ya ɓace masa, ya ɗauka sabon tauraro ne da ya fito ya tafi. Sai a 1638 wani mutumin Holan, Holwarda, ya gano ashe dawowa yake yi a kan lokaci.

To me ya sa? Tsufa ne. Nauyinsa bai fi na ranarmu da yawa ba, amma ya cinye makamashin da ke cikinsa, sai ya kumbura. Faɗinsa ya ninka na rana sau fiye da 300. Da za a ɗauke shi a ajiye inda rana take, da ya haɗiye duniyarmu da hanyar da take bi gaba ɗaya. Jan da kake gani a hoton kuma, kar ka ce tsananin zafi ne. Je ka tsaya wurin maƙeri ka kalli ƙarfe a wuta. Da farko ja ne duhu-duhu, yana zuga zugazugi sai ya koma ruwan lemo, sai ya tashi fari-fari, lokacin ne yake fitar da shi ya hau duka. Da ya fara hucewa sai ya koma ja. Saman rana digiri wajen 5,500 ne. Saman Mira bai wuce 3,000 ba. Shi ya sa yake ja.

Saboda ya kumbura ya yi sako-sako, jikinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Zafin ciki ya tura shi waje, ya buɗe, ya huce, nauyinsa ya jawo shi ciki, ya matse, ya sake ɗaukar zafi. In ya huce ɗin nan sai wata iska mai sinadarin taitaniyam da iskar oksijin ta haɗu a samansa, ita ce take tare hasken da idonmu ke gani. Amma in aka auna shi da na'urar da ke ganin hasken zafi, wanda ido ba ya gani, ragin kaɗan ne. Wato wutar na nan, rufe ta aka yi.

Kuma don Allah, tun kafin wani ya ɗauki muryar nan ya yanke rabi ya tura wani gurup, ba fashewa zai yi ba. Ina faɗar haka ne don na tuna ƙarshen 2019, lokacin da Betelgus ya dusashe, wancan jan tauraron da ke kafaɗar rukunin taurarin da ake kira Jauza'u. A gurup ɗin nan fa. Kullum da asuba sai an turo murya wai zai fashe, wai za a yi kwana kaza ba dare, wai masana sun ɓoye. Na yi bayani, wani babba a nan, ba zan kama suna ba, ya ce ai mu 'yan boko komai sai mun musa. To watan Afrilun 2020 tauraro ya dawo da haskensa, aka gano ƙura ce ya fesar ta tare shi. Har yau ban ji wanda ya turo murya ya ce ashe ba haka ba ne. Kowa ya yi tsit, aka koma maganar korona. Shi Betelgus ɗin ma ajinsa daban, mai nauyi ne ƙwarai, shi kam wata rana zai fashe, amma... kai, a bar wannan, ba shi aka tambaya ba.

Mira a hankali yake zubar da jikinsa. A 2007 wata na'urar NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, mai suna GALEX ta hango jelar iskar da ya bari a bayansa, tsawonta tafiyar haske ta shekara 13. Haka zai yi ta yi har ya rage ɗan ƙwallon ciki, fari, ƙarami. Ranarmu ma hanyar ke nan, nan da shekara biliyan 5 ko makamancin haka, Allah Shi ne masani.

Yanzu in da gaske kana son ganinsa. Mu a Kano ya yi mana daɗi, yana bi ta can sama kusa da tsakar ka, da dare daga wajen Oktoba zuwa Janairu. Matsalar dai lokacin ne hazo ke sauka. Sannan kwana 332 bai kai shekara ba, bai ma kai shekarar Musulunci mai 354 ba, don haka cikar haskensa duk shekara sai ta matso da wajen wata guda. Wata shekarar ta faɗo lokacin da rana ke kusa da shi, ba mai ganinsa sai a haƙura. Ka duba cikin manhajar taka, ko shafin AAVSO, ƙungiyar masu lura da taurarin da haskensu ke sauyawa, ka ga yaushe ne zai cika. Ka fita bayan gari, Goron Dutse ba zai yi maka ba, hasken birni ya yi yawa. In ka samu aron madubin hangen nesa na hannu, ya wadatar. Akwai wani a kusa da shi, Menkar, shi ma ja-ja ne amma haskensa kusan tsayayye, da shi za ka riƙa gwadawa duk mako kana rubutawa. Kuma kar ka ƙura masa ido, jan tauraro in ka daɗe kana kallonsa sai ya riƙa yi maka kamar yana ƙara haske. Kallo ɗaya, ka ɗauke kai, ka rubuta. In ka tara na wata biyu ka turo mana nan mu gani.